Daga Kasko Zuwa Inhela: Tarihin Maganin Shaƙa a Ƙasar Dutse

1.0 Gabatarwa

Ƙasar Dutse, wadda ta haɗa da Kiyawa da Jahun da Miga da Birnin Kudu da Buji da Gwaram, ƙasa ce ta noma da kiwo, mai duwatsu da jigayi da fadamu. Kowace shekara, daga watan Nuwamba zuwa Maris, iskar hunturu kan taso daga arewa maso gabas ɗauke da ƙura, wadda akasarinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take fitowa. A daidai wannan lokaci ne ake sussuka da shiƙa, ƙaiƙayi ya cika gari, sannan a hura wuta a cikin ɗaka saboda sanyi. Saboda haka tun kaka da kakanni mutanen wannan ƙasa sun san tari da mura da sarƙewar numfashi, kuma sun nemi hanyoyin da za su kai magani inda ciwon yake, wato cikin ƙirji.

Manufar wannan rubutu ita ce bin diddigin hanya guda daga cikin waɗannan hanyoyi, wato shigar da magani ta numfashi, tun daga kaskon turare har zuwa ɗan gwangwanin nan da ake fesawa a baki, wanda ake kira inhela. Dalili kuwa shi ne har yanzu akwai gidajen da ake kallon inhela a matsayin baƙon abu mai haɗari, a hana yaro amfani da ita, alhali yana kwana a zaune yana haki. Idan mai karatu ya bi tarihin a hankali zai ga cewa inhela jikanyar kasko ce, kuma hikimar da ta haifi su biyun ɗaya ce.

2.0 Cututtukan Numfashi a Wurin Bahaushe

Bahaushe ya bambanta cututtukan ƙirji da sunayensu. Akwai mura, akwai tari na yau da kullum, akwai tarin shiƙa mai kama yara, akwai ciwon haƙarƙari wanda a asibiti ake kira nimoniya, akwai tarin fuka, sannan akwai fuka ita kanta, wadda a yau aka fi sani da asma. Kusancin sunayen nan biyu na ƙarshe ya jawo ruɗani mai yawa. Tarin fuka ƙwayar cuta ce ke kawo shi, ana ɗaukarsa daga wani, kuma ana warkewa da ƙwayoyin da ake sha na wata shida, waɗanda ake bayarwa kyauta a asibitocin gwamnati. Ita kuwa asma ba a ɗaukarta ko da an ci abinci a kwano ɗaya. Rashin sanin wannan bambanci ya sa an sha ƙyamar masu asma, har wani lokaci maganar aure ta lalace a kan haka.

Abin da ke faruwa a asma shi ne ƙananan bututun da ke kai iska cikin huhu sukan kumbura daga ciki, su cika da majina, naman da ya kewaye su kuma ya tsuke. Sai numfashi ya riƙa fita da ƙyar, da wani ƙara kamar fito. Ƙura da hayaƙi da sanyi da ƙaiƙayi da turare mai ƙarfi duk sukan tayar da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ne ke da asma a duniya, kuma ta yi sanadin mutuwar mutum 455,000, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu.

3.0 Hanyoyin Gargajiya na Shaƙar Magani

Masu maganin gargajiya na ƙasar Dutse, kamar takwarorinsu na sauran ƙasar Hausa, suna da hanyoyi huɗu na shigar da magani ta hanci ko ta baki zuwa ƙirji.

Na farko shi ne turare. Akan zuba garwashi a kasko, a barbaɗa garin sassaƙe ko ƙaro ko ganye, majiyyaci ya duƙa a kai ya lulluɓa da mayafi yana shaƙar hayaƙin. Hano, wanda wasu ke kira ararrabi, yana cikin itatuwan da aka fi amfani da su a turare. Wani likitan Turawan mulkin mallaka mai suna J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa, ya tattara sunayen tsirran Hausa a littafi a shekarar 1916, sannan a 1937 ya fitar da babban littafinsa a kan amfanin tsirran Afirka ta Yamma. Sunansa ne masana suka laƙaba wa hano a harshen kimiyya.

Na biyu shi ne sirace. A nan ana dafa ganye ne a tukunya, kamar darbejiya ko ganyen turare ko tazargade, a sauke tana tururi, mutum ya rufa da bargo har ya yi gumi. Wannan hanya ba ta taɓa mutuwa ba, domin ko a lokacin annobar korona ta 2020 mutane da yawa sun koma wa siracen tazargade.

Na uku shi ne shaƙe, wato a daka magani ya yi laushi a shaƙa ta hanci, ko a ɗiga ruwansa. Malamai sun ƙarfafa wannan hanya da abin da ya zo a Bukhari da Muslim game da ƙustul hindi, wanda aka yi umarnin a shaƙa wa yara saboda ciwon maƙogwaro. Habbatus sauda ma akan soya ta a ƙulle a tsumma a riƙa shinshinawa saboda mura.

Na huɗu shi ne zuƙa. Akan shanya ganye ko furen zaƙami, wato haukata-yaro, a marmashe a zuba a lofe ko a naɗe kamar taba, mai fuka ya zuƙa idan ciwon ya taso. Daga cikin hanyoyin huɗu wannan ce ta fi kusa da maganin asma na asibiti, domin zaƙami yana ɗauke da sinadaran da ke sassauta naman bututun iska. Sai dai kuma ita ce mafi haɗari. Ƙarfin ganye ɗaya ba daidai yake da na wani ba, kuma abin da ke tsakanin magani da guba a zaƙami kaɗan ne ƙwarai. Sunan haukata-yaro kansa gargaɗi ne, kuma asibitoci sun sha karɓar matasan da suka sha shi hankalinsu ya gushe.

Idan aka dubi hanyoyin nan za a ga kakanninmu sun gano abu muhimmi, wato ciwon da ke cikin ƙirji ya fi jin maganin da ya isa ƙirji kai tsaye. Abubuwa biyu ne suka gagare su. Ba su da hanyar auna yawan maganin da ke shiga, kuma ba su da hanyar raba magani da hayaƙi, alhali hayaƙin kansa yana tayar da fuka. Tarihin inhela gaba ɗaya tarihi ne na warware waɗannan matsaloli biyu.

4.0 Yadda Abin Ya Kasance a Sauran Duniya

A wata tsohuwar takardar magani ta Misira, wadda aka rubuta wajen shekara 1,550 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an bayyana yadda ake gasa duwatsu a wuta, a ɗora magani a kan ɗaya, a kife tukunya mai huda a kai, a zura kara a hudar majiyyaci ya zuƙa. Duk wanda ya san kasko da mayafi ba zai ga baƙon abu a nan ba. A Indiya kuma an daɗe ana zuƙar hayaƙin wani ɗan'uwan zaƙami saboda fuka, kuma daga Madras ne wani hafsan sojan Ingila mai suna Janar Gent ya kai wannan ilimi ƙasarsu a 1802. Daga nan aka shiga naɗa ganyen kamar sigari ana sayarwa a kantunan magani na Turai, har cikin ƙarni na 20.

Kafin wannan, a 1778, wani likita a garin Plymouth mai suna John Mudge ya gyara wani kofin ƙarfe ya sa masa murfi da bututu don shaƙar tururin magani, kuma daga wurinsa sunan inhela ya samo asali. A 1858 wani likitan Faransa mai suna Sales-Girons ya ƙera na'urar da ke farfasa ruwan magani ya koma feshi, ba tare da wuta ko tafasa ba. A shekarun 1930 masu asma sun riƙa amfani da kwalba mai ƙwallon roba da ake matsawa da hannu don shaƙar adirenalin, amma kwalbar tana da saurin fashewa kuma ba ta auna magani.

Babban sauyi ya zo a 1956 a Amurka. Shugaban kamfanin Riker, Dokta George Maison, yana da 'ya mai shekara 13 mai fama da asma, ita ce ta tambaye shi me ya hana a sa maganinta a gwangwani irin na feshin gashi. Daga wannan tambaya aka ƙera Medihaler, wadda kowane dannawa ke fitar da awo ɗaya tak na magani. Matsalolin nan biyu na kasko, awo da hayaƙi, sun warware ke nan.

Sai dai an sayi darasi da tsada. A shekarun 1960 mace-macen matasa masu asma ya ƙaru a Ingila, aka danganta shi da yawan amfani da wata inhela mai ƙarfi da ake saye ba da takardar likita ba, mutane suna ta fesawa a gida har lokacin zuwa asibiti ya wuce. A 1969 aka fito da salbutamol da sunan Ventolin, wanda bai kai magungunan baya taɓa zuciya ba. A 1972 aka fito da Becotide, wanda ke maganin kumburin kansa. Ta wani ɓangaren, a 1967 an fito da Spinhaler, wadda garin magani ake zuƙa daga cikinta, kamar dai shaƙe. Shi ma zaƙami bai ɓace ba, domin daga dangin sinadarinsa ne aka sarrafa ifiratirofiyom a shekarun 1970, wanda har yau ake bai wa masu sarƙewar numfashi a asibiti. Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani.

5.0 Zuwan Maganin Asibiti Ƙasar Dutse

A zamanin En'e, ƙasar Dutse tana ƙarƙashin Kano, kuma abin da talaka ya sani na asibiti shi ne ɗakin shan magani na garin hakimi, inda malamin asibiti ke ba da ruwan maganin tari da ƙwayoyi. Wanda ciwonsa ya tsananta sai a nufi Birnin Kudu ko Asibitin Birni na Kano da shi, wanda a yau ake kira Asibitin Murtala. Mu da muka taso a shekarun 1960 da 1970 mun san mai fuka da ƙwayar efedirin da allurar adirenalin ko aminofilin. A cikin gida kuwa mantaleta da Robb suka shiga tukunyar sirace, wato kayan kanti suka hau tsohuwar hanya.

An yi wani bincike mai zurfi a kan asma a yankinmu na Arewa a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, inda Dokta David Warrell da abokan aikinsa suka nazarci majiyyata 106, suka buga sakamakon a 1975. Sun tarar fiye da kashi biyu cikin uku ciwon ya fara musu ne bayan sun wuce shekara 19, kuma kusan rabinsu da damina ciwon ya fi tsananta. Sun kuma samu wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani a ƙurar katifu. Wannan ya nuna cewa bayan hunturu, laimar damina da tsohuwar katifa da ɗakin da iska ba ta ratsawa su ma abokan gaba ne.

Ƙirƙiro Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta, 1991, da mayar da Dutse babban birni, ya kawo ma'aikata da likitoci da manyan kantunan magani kusa da jama'a. A shekarar 2000 Gwamnatin Tarayya ta mayar da asibitin Birnin Kudu Cibiyar Lafiya ta Tarayya. A 2007 aka kafa tsarin Gunduma, wanda ya haɗa ƙananan asibitoci da manya a ƙarƙashin kulawa ɗaya, kafin daga baya a sauya shi. An kuma buɗe Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, wanda ya koma asibitin koyarwa na Jami'ar Tarayya ta Dutse, ita kuma an kafa ta a 2011. A irin waɗannan asibitoci ne mutanenmu da yawa suka fara ganin nebulaiza, wato na'urar da ke mayar da ruwan magani hazo a shaƙa ta abin rufe hanci da baki. Tsofaffi ba su sha wahalar gane ta ba, domin da ganinta sun ce siracen asibiti ne.

A farkon shekarun 2020 an gudanar da wani shiri mai suna INSPIRING a Ƙaramar Hukumar Kiyawa, da haɗin gwiwar ƙungiyar Save the Children da Jami'ar Ibadan da wasu jami'o'in Turai, don rage mutuwar yara daga nimoniya. Shirin ya ba da muhimmanci ga iskar oksijin da kuma ɗan abin nan da ake maƙala wa yaro a yatsa don auna ta a jini. Ita ma oksijin magani ce da ake shaƙa, kuma a nimoniya mai tsanani ita ce ke riƙe ran yaro kafin sauran magunguna su kama.

6.0 Ire-iren Inhela da Aikinsu

Maganin asma na shaƙa iri biyu ne, kuma rashin bambanta su shi ne babban kuskuren da ake yi. Akwai mai buɗewa, kamar salbutamol, wanda galibi gwangwaninsa shuɗi ne, yana sassauta bututun iska cikin 'yan mintoci, aikinsa ya ɗauki kamar awa huɗu. Akwai kuma mai rigakafi, wanda ke kwantar da kumburin, ana shaƙarsa a kai a kai ko da mutum yana jin lafiya lau, a kurkure baki bayan an gama. Mai buɗewa kamar yayyafa wa wuta ruwa ne, mai rigakafi kuwa janye itacen ne daga murhu. Saboda haka ne a 2019 ƙungiyar GINA, mai tsara ƙa'idojin kula da asma a duniya, ta daina ba da shawarar manya da matasa su dogara da mai buɗewa shi kaɗai.

Game da tsoron da ake yi cewa inhela ta fi ƙwaya ƙarfi, lissafi ya nuna akasin haka. Ƙwayar salbutamol ɗaya ta manya miligiram 4 ce, fesawa ɗaya kuwa kashi ɗaya cikin goma na miligiram ce. Ke nan sai an fesa sau 40 kafin a kai ƙwaya ɗaya. Ƙwaya sai ta bi ciki da jini ta zaga jiki duka, shi ya sa take sa rawar hannu da bugun zuciya, ita kuwa inhela huhu take nufa kai tsaye.

Wahalar inhela ita ce dole dannawa da zuƙa su zo tare, sannan a riƙe numfashi kamar daƙiƙa goma. Yara da tsofaffi sukan kasa, maganin ya tsaya a harshe. Don haka aka ƙera wata gora da ake sawa tsakanin inhela da baki, a fesa a cikinta, a shaƙa a hankali. A 1999 Farfesa Heather Zar da abokan aikinta a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu suka nuna cewa gorar roba ta lemo mai rabin lita, idan aka huda gindinta daidai bakin inhela aka toshe gefen, tana aiki kamar ta kanti. Bincike ya kuma tabbatar da cewa a mafi yawan tasowar asma, inhela da gora suna yin abin da nebulaiza ke yi. Wannan albishir ne ga ƙauyukan da ba su da wutar lantarki, sai dai ya kamata ma'aikacin lafiya ne zai nuna yadda ake haɗawa.

7.0 Abubuwan da Suka Rage

Na farko shi ne camfi. Ana cewa wanda ya fara inhela ba ya dainawa, ko kuma ba a ba da ita sai ga wanda ciwonsa ya kai gargara. Gaskiyar magana ita ce babu maye a cikinta. Ciwon ne mai daɗewa, kamar hawan jini, shi ya sa ake daɗewa ana amfani da maganinsa. Haka kuma darajar da allura ta samu a idon mutanenmu ta sa wasu ba sa jin an yi musu magani sai an soke su.

Na biyu shi ne tsada. A watan Agusta na 2023 kamfanin GlaxoSmithKline, mai yin Ventolin da Seretide, ya sanar da daina gudanar da harkarsa kai tsaye a Nijeriya, a daidai lokacin da darajar naira ta faɗi. Farashin inhela ya yi tashin gwauron zabo, musamman mai rigakafi. Akwai salbutamol na wasu kamfanoni masu rajistar NAFDAC da suka fi sauƙi, kuma ya kamata mai saye ya tambayi mai kemis ko likita a kansu.

Na uku shi ne azumi. Malamai sun yi saɓani, amma manyan malamai irin su Shaihu Ibn Baz da Shaihu Ibn Usaimin sun yi fatawar cewa fesa inhela ba ya karya azumi. Wanda ke bin ɗaya ra'ayin ma shari'a ta ba marar lafiya damar ya sha ya rama, don haka babu dalilin da mutum zai zauna numfashinsa na sarƙewa yana jiran magariba.

Na huɗu shi ne hayaƙin girki. Iyayenmu mata da suka shekara talatin ko arba'in a gaban murhun itace da kara a rufaffen ɗaki sukan kamu da toshewar huhu mai daɗewa, ko da ba su taɓa shan taba ba. Inhela tana rage musu wahala, amma taga a madafa da girki a sarari su ne rigakafin.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata an ga cewa shaƙar magani tsohuwar al'ada ce a ƙasar Dutse, kuma abin da zamani ya ƙara shi ne awo da tsabta. Saura aiki ya rage ga malaman makaranta da dattawa, domin su ake jin maganarsu. Malami ya san ɗaliban ajinsa masu asma, ya bar su su riƙe inhelarsu a aljihu, ya sa a yayyafa ruwa kafin shara, kada kuma ya sa irin wannan yaro goge allo ko sharar fili da hunturu. Idan yaro ya kasa haɗa magana saboda haki, ko leɓɓansa suka sauya launi, ko aka fesa magani bai ji sauƙi ba, to a garzaya asibiti, ba a tsaya hura garwashi ba. Wanda kuma yake buƙatar shuɗiyar inhela fiye da sau biyu a mako, ya koma wurin likita a duba batun mai rigakafi. Su kuwa dattawa da masu unguwanni da limamai, su taimaka wajen raba fuka da tarin fuka a zukatan jama'a, su kuma bayar da abin da suka sani na tsirrai da hanyoyin magani a rubuta, domin masu wannan ilimi suna ƙarewa.

Lafiya uwar jiki ce, babu mai fushi da ita. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan magabatanmu, amin.